Waya ce ta mayar mana da yara fanko, ko dai mu ne?

Ticha Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan gida. Admin a yi min afuwa yau zan ɗan ja zance. Satin da ya wuce na gama wani littafi da abokina ya ba ni aro, sunansa Feed, wani Ba'amurke M. T. Anderson ne ya rubuta shi, ya fito a 2002. Irin labaran nan ne da marubuci zai hango gaba ya zana maka yadda duniya za ta lalace, waɗanda 'yan boko ke ce wa distofiya. A cikin labarin an kai zamanin da ake dasa wa yaro intanet a ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami, babu zancen waya ko kwamfuta, kana tafe talla na zuba a cikin kanka, ka kalli riga a kanti kafin ka ƙifta ido an jero maka irinta goma da farashi, hira da aboki ma ba sai ka motsa baki ba. Yaron da yake ba da labarin, Titus, shi da abokansa suka tafi duniyar wata yawon hutu suka ce wai wurin ba daɗi. Wata fa jama'a! Magana ba sa iya kai ta ƙarshe, daga "abin nan" sai "ka gane ai", karatu da ƙyar, rubutu da biro kuwa yarinya ɗaya ce ta iya a cikinsu.

To ran Litinin na shiga ajina na SS2 na ce kowa ya rubuta min shafi ɗaya kan ranar kasuwa. Shafi ɗaya tak. Wani yaro ya yi min layi huɗu, wai ana sayar da tumatir da albasa da awaki, sai ya sa "da sauransu" ya miƙo min takarda ya koma ya kifa kai a benci. Wallahi ina riƙe da takardar nan Titus kawai nake gani. Mutumin nan lokacin da ya yi littafinsa ko Facebook ba a ƙirƙira ba balle TikTok, amma kamar a bayan ajina ya zauna ya rubuta. Ni dai na yanke hukunci, wayar nan ce ta mayar mana da yara fanko. Mai ja ya fito.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ban karanta littafin ba amma "da sauransu" ɗin nan ta kashe ni da dariya wlh, yaron nan ɗan siyasa za a yi, a bar shi.

Auta 'Yar Jami'a:
Malam da girmanka ni na fito. Na karanta Feed ina aji biyu kuma ina ganin a rabin hanya ka sauka. Wa ya dasa wa Titus abin a kai? Shi ya kai kansa? Iyayensa ne fa. Kuma ka tuna babansa yadda yake magana, babba da shi amma bakinsa irin na yaran sak, shi ma kame-kame yake. Makarantar da suke zuwa kamfanoni ne suke tafiyar da ita ba gwamnati ba, abin da ake koya musu shi ne yadda ake sarrafa na'urar da yadda ake farautar kaya mai rangwame da yadda mutum zai ƙawata ɗakinsa. To yaron da aka yi wa wannan rainon me kake so ya zama, Shehun Malami?

Sannan yarinyar da ka ce ta iya rubutu, Violet, ai ita ce labarin gaba ɗaya. Babanta malamin jami'a ne mara kuɗi, bai so a sa mata abin ba, sai da ya je neman aiki ya lura masu yi masa tambayoyi suna gulmarsa ta cikin kai suna dariya don shi ba shi da ita, ya ce 'yarsa ba za ta sha wannan wulaƙancin ba, ya lallaɓa ya sa mata mai araha tana shekara 7. Da ta girma sai ta tsiri tsokanar na'urar, ta shiga kanti ta yi ta tambayar kayan da ba su da alaƙa da juna kuma ba ta saya, don kar su gane irin kwastomar da take. Da na'urarta ta lalace ta fara kashe mata jiki, suka roƙi kamfani ya gyara, kamfani ya duba tarihin cinikinta ya ce wannan ba a gane me take so ba, kashe kuɗi a kanta asara ne. Haka aka bar ta tana mutuwa kaɗan-kaɗan. Malam na'ura ce ta ƙi gyara ta ko masu na'ura?

Ticha Mai Alli:
Auta kin karanta da kyau ban musa ba. Amma ki dubi Titus ɗin lokacin da yarinyar take kwance, me ya yi? Ta turo masa tunaninta da abubuwan da take so ya adana mata ya goge su, ya koma ya yi ta odar wando iri ɗaya har kuɗinsa suka ƙare. Ba mugu ba ne, zuciyar ce ba ta da wurin ajiye baƙin ciki, an cike ta da talla. Wannan ba kamfani ne ya zo ya riƙe masa hannu ba, abin da ke cikin kansa ne ya cinye shi.

Auta 'Yar Jami'a:
To wa yake zuba tallan a cikin kan nasa Malam? Aljanu?

Injiniya Ba Wuta:
Ku dakata ku ji ta bakin mai sana'ar. Ni manhaja nake rubutawa, da ita nake ci, kuma maganar nan da mutane suke yawan yi wai fasaha kamar wuƙa ce, ka yanka albasa ko ka yanka mutum ya rage naka, ni ba na saye. Wuƙa ba ta taɓa tashin ka ƙarfe biyun dare ta ce zo ka ga abin da wane ya ce a kanka ba. Wuƙa ba ta nazarin ka. Wayar da ke hannunka tana lissafin daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane bidiyo, ta gane wanda ya riƙe ka, ta ƙaro maka irinsa, kuma mutane ne masu digiri aka biya albashi mai tsoka suka zauna suka tsara hakan. Shafa allon nan da kake yi yana ta zuwa ba ya ƙarewa, wani ne ya ƙirƙiro shi, Aza Raskin, a 2006, daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Da can sai ka kai ƙarshen shafi ka danna na gaba, a ɗan tsakanin nan hankalinka yake dawowa ka tuna ba ka yi Isha'i ba, to wannan tsakanin suka cire. Sean Parker wanda ya taɓa zama shugaban Facebook da bakinsa ya faɗa a 2017 cewa sun gina abin ne a kan raunin da ke cikin halin ɗan Adam kuma suna sane suka yi. A 2021 wata ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram na dagula wa wasu 'yan mata tunani game da jikinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi, kamfanin da ya yi TikTok yana da irinsa na gida a Chaina, Douyin, a can yaro ɗan ƙasa da shekara 14 minti 40 aka yanka masa a rana tun 2021. Mai tuwo ya san tuwonsa, shi ya sa yake auna wa ɗansa.

Don haka Auta ina tare da ke cewa akwai masu laifi a bayan na'ura, amma kar ki wanke na'urar, don laifin nasu a jikinta suka gina shi.

Mai Data Sauƙi:
Slm masu buƙatar data mai rahusa duk layuka akwai, ana turawa nan take, a yi min magana ta gefe

Admin:
An goge. Ɗan'uwa ka duba dokar gida ta uku. Kuma ka rasa inda za ka yi tallan data sai a nan 😂

Injiniya Ba Wuta:
Admin da ka bar shi ai, hujjata ce ta zo da ƙafarta.

Uwar Biyu:
Bari in sa baki da gaske yanzu tunda na sauke tukunya. Malam ni abin da yake ɗaure min kai da ku malamai, lokacin da muke sakandare ta kwana mu fa karatu muke kamar hauka. Littattafan soyayya na Hausa, ana ba da hayarsu a shago, wata ta shigo da ɗaya a ƙasan akwati cikin garin kwaki, a yayyaga shi kashi uku don ya zagaya ɗaki da wuri, kina karanta tsakiya wata na karanta farko, in aka kashe fitila mu shiga bargo da tocila. Na sha sa littafi a tsakiyar littafin kimiyya ina gyaɗa kai kamar ina gane darasi. Ran da aka kama ni sai da na yi noman fili na kwana uku kuma a gaban asambuli aka kira sunana aka ce mu ne lalatattun zamani, littafi ya ɓata mu, ba za mu iya zaman aure ba. Yau shekarata ashirin da wani abu a ɗakina.

Kuma ba a makarantarmu kaɗai ba, a 2007 gwamnan Kano na lokacin Malam Ibrahim Shekarau da kansa ya halarci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe a hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. To yanzu kuma an dawo ana kuka yara ba sa karatu. Mu da muka yi karatun an ce ya lalata mu, su da ba sa yi an ce rashinsa ya lalata su. Ni dai na lura duk abin da yarinya ta riƙe a hannu tana jin daɗinsa shi ne mai laifin wannan shekarar.

Abu Hanifa Zariya:
Hajiya a yi adalci dai, wasu littattafan na lokacin akwai batsa a ciki ba ƙarya ba, hukuma ba ta tashi haka kawai ba. Kuma ko me za a ce littafi sai kin zauna kin bi layi kin sa hankali, ba ɗaya yake da bidiyon rawa na daƙiƙa goma sha biyar ba.

Uwar Biyu:
Akwai masu batsa, akwai kuma waɗanda suka koya min abin da ba a faɗa mana a gida ba kan kishiya da saki da auren dole, duk wuta ɗaya ta ci su. Amma maganarka ta biyu na karɓa.

Admin:
A bar siyasar Kano a waje don Allah, mun san inda take kai mu.

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Jikata ce take buga min, ni ina faɗa, don idon ya yi rauni. Maganar ƙona littafi da Hajiya ta kawo ta tuna min da Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, na karanta shi tun ina kwalejin horon malamai. Jarumin ɗan kwana-kwana ne, Montag, amma a zamaninsu aikin 'yan kwana-kwana shi ne su cinna wa littattafai wuta. Malam Ticha ina so ka lura da abu guda. A littafin nan wanda ya fi kowa zama fanko ba yaro ba ne, matar gida ce, Mildred, shekararta 30. Bango uku na falonta duk talabijin ne, mutanen ciki take kira danginta, tana damun miji ya sa mata na huɗu dala 2,000 alhali kashi ɗaya cikin uku ne na albashinsa na shekara. Dare ya yi ta toshe kunne da 'yan ƙananan rediyo, abin nan dai da jikokina suke sawa yanzu ina magana ba sa ji. Ta sha ƙwayar barci ta kusa mutuwa, gari ya waye ta ce ita ba ta san an yi ba. Mijin ya tambaye ta a ina muka fara haɗuwa, ta kasa tunawa. Wacce kuma ta farkar da shi daga barcin nan yarinya ce mai shirin cika shekara 17, Clarisse, mai ɗaga kai ta ɗanɗani ruwan sama, ita ta tambaye shi ko yana cikin farin ciki ya rasa amsa.

Sannan shugabansu na aiki, Beatty, da ya zo yi masa bayanin yadda aka kai ga haka, bai ce gwamnati ce ta fara ba. Ya ce mutane ne da kansu suka yi ta gajarta komai, littafi ya koma taƙaitawa, taƙaitawa ta koma layi biyu, kowane ɓangare kuma ya ce kar a rubuta abin da zai ɓata masa rai, har aka daina karatu, wutar daga baya ta zo ta share saura. Akwai kuma tsohon farfesa Faber da ya ce wa Montag ba takardar ce abin nema ba, abin da ke cikinta ne, kuma da an so da an zuba shi a talabijin ɗin ma.

Ni na ga zuwan abubuwa da yawa. Mahaifina Allah ya jiƙansa bai yarda a shigo masa da rediyo gida ba, ya ce za ta hana mu karatun dare. Yau dattijo mai rediyo a kunne shi ne alamar mai hankali. Aka zo kan sinima, aka zo kan bidiyo da finafinan Indiya, 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Kowanne an ce shi ne ƙarshenmu. Aflatun masanin falsafar Girka ma sama da shekara 2,300 da suka wuce ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka kawo wa rubutu a matsayin sabuwar fasaha, ya ce wannan zai sa mutane mantuwa, su riƙa jin sun sani alhali ba su sani ba.

Ticha Mai Alli:
Allah ya ƙara girma Baba, mun sha karatu. Amma Baba ka manta abin da Clarisse ɗin ta ce game da sa'o'inta, ta ce tsoronsu take ji, kashe junansu suke, tseren mota suke da daddare, kuma ita ma a ƙarshe mota ce aka ce ta buge ta. Ita kaɗai ce a farke cikin tsararta, kamar Violet. Marubutan nan biyu duk yarinya ɗaya tak suka iya samowa mai hankali, sauran duk sun tafi.

Sannan zancen an sha faɗa a baya. Don an yi ta ihun kura babu kura ba shi ne ya nuna ranar da ta zo ba kura ba ce. Kuma sarkin Masar ɗin nan ƙarya ya yi? Baba kai ka san mahaddatan da, ka san mutanen da suke riƙe nasabar gari guda a ka. Ni kaina kafin waya lambobin gida goma na haddace, yau lambar matata sai na duba. Kowace fasaha ta zo sai ta karɓi wani abu ta tafi da shi, rubutu ya karɓi hadda ya ba mu littafi, cinikin ya yi riba. Ita wannan ta karɓi natsuwa, me ta ba mu?

Baba Mai Ritaya:
Ta ba ni muryar ɗana da yake Sudan yana karatu duk Juma'a. Amma na ji maganarka, kuma ban ce babu asara ba.

Ɗan Farm Centre:
Ni ban yi boko mai nisa ba, ban san su Montag ba, amma wayoyin da kuke magana a kansu a teburina suke kwana. Malam in faɗa maka wa yake zuwa min hankali a tashe in waya ta mutu? Ba 'yan SS2 ba ne. Alhazai ne da manyan mata. Na ga mutum da furfura ya tsaya a kaina awa uku ya ƙi zama, wai ba zai iya tafiya gida babu ita ba, na ce Alhaji ka je ka yi sallah ka dawo ya ce a'a zai jira. Kuma rabin fasassun gilashin da nake canzawa in na tambaya sai a ce yaro ne ya yar, in ka duba jikin wayar duk busasshen koko ne da miyau, ɗan shekara biyu aka miƙa wa don ya yi shiru uwa ta samu ta yi hira a wata wayar. To wannan yaron in ya kai SS2 ya rubuta maka da sauransu sai ka ce shi da waya ne suka haɗa baki?

Ɗaya gefen kuma, akwai yaron shagona, bai gama sakandare ba, Turancinsa ma na lallaɓawa ne. Yaron nan da daddare yake kallon masu gyara 'yan Indiya da Pakistan a YouTube, ba ya jin ko kalma ɗaya, hannunsu kawai yake kallo, ya tsayar ya mayar baya ya sake kallo. Ran nan aka kawo wata waya da ba ta ɗaukar caji, ni na ce a canza allon ciki gaba ɗaya, ya ce oga ba ni ita. Ya sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya kunna iska mai zafi, ya ɗaga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba da ɗan hantsaki, ya goge wurin ya ɗora wani ya bi da dalma, kusan awa biyu ko tari bai yi ba, ana kiran sa cin abinci bai ji ba. Waya ta kawo. Wannan natsuwar da kuka ce an sace, shi a ina ya samo tasa? A wayar dai.

Injiniya Ba Wuta:
Oga yaronka ya shiga da abin da yake nema ne, shi ya sa ya fito da riba. Mafi yawa ba neman komai suke ba, buɗewa kawai suke a zaɓa musu. Kuma ka tambaye shi bayan bidiyon gyaran ƙarfe nawa yake kwanciya.

Ɗan Farm Centre:
Hhhh wannan kuma gaskiya ne, da safe idonsa kamar gauta.

Abu Hanifa Zariya:
Ni littafin da ya fi kama da halin da muke ciki a ganina Brave New World ne na Aldous Huxley, 1932. A can ba a ƙona littafi ma, ba a buƙata. Jarirai a kwalba ake haɗa su, an raba su aji-aji tun kafin a haife su, 'yan ƙananan aji in sun rarrafa wajen littafi da furanni sai a saki ƙara a ja musu lantarki, su tashi suna ƙin littafi ba su san dalili ba. In ranka ya ɓaci akwai ƙwaya, soma, hukuma ce take rabawa. Shugaban da yake tafiyar da abin, kuma wai sunansa Mustapha Mond, shi yana da littattafan da aka hana a kulle a ofishinsa yana karantawa. Wani malami Neil Postman ya yi littafi a 1985 ya ce mutane sun zuba ido suna tsoron duniyar da marubuci George Orwell ya zana ta danniya da leƙen asiri, alhali ta Huxley ce take tahowa, inda za a kashe ka da daɗi. Lokacin talabijin kawai yake nufi, bai ga komai ba.

Abin da nake so in ce, lokacin da kodin ya addabe mu, bayan binciken BBC na 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba wanda ya tsaya cewa ai kwalba ba ta da laifi tarbiyya ce. An san akwai tarbiyya, an san akwai rashin aikin yi, amma an fara ɗauke kwalbar tukuna. Ostireliya ma a Nuwamban 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta. Me zai hana mu?

Auta 'Yar Jami'a:
Yaya Abu Hanifa misalinka ma ni ya taimaka, wa ya ja wa jariran lantarki? Manya. Wa ya ɓoye littafi a ofis yana karantawa shi kaɗai? Babba. Duk littafin da kuka ɗauko in an bi shi sai a tarar wani babba ne ya tsara, wani babba ya sayar, wani babba ya saya ya kai gida, sannan a juyo a ce wa yaro kai fanko ne.

Kuma ni kalmar fankon nan ma tana min ciwo. Mu ne muka yi wata takwas a gida a 2022 ana yajin aikin jami'o'i, ba mu muka rufe makaranta ba. Laburaren sakandaren da na yi kullum a kulle, da muka leƙa ta taga buhunan siminti ne a ciki. Littattafan da kuke ta ambato ɗin nan ni duk a waya na karanta su, don ban san shagon da zan same su a garinmu ba, in ma akwai ba ni da kuɗin. Sannan yara sama da miliyan 10 a ƙasar nan ba sa zuwa makaranta kwata-kwata, yarinyar da take tallan gyaɗa a bakin tasha ba ta da waya, ita wa ya cinye mata nata karatun? A hana mu waya ba matsala, amma a faɗa min me za a miƙo mana a madadinta, don in ka ƙwace ka bar yaro da bango huɗu da rashin wuta ba Clarisse zai zama ba.

Uwar Biyu:
Auta Allah ya yi miki albarka, amma ki rage zafi Malam ba da ke yake ba. Ni kuma in faɗi gaskiya ta ɗaya ɓangaren, 'yan biyuna in na karɓe wayar kwana biyu kamar an canza min yara, ranar farko fushi da buga ƙofa, rana ta biyu sai in ji su a tsakar gida suna ƙirƙirar wasa har da waƙa. To akwai abin da take dannewa, wannan na gani da idona. Matsalar ni ce ba na iya kwana biyun, ina karɓe tasu ina latsa tawa, ran nan ƙaramar ta ce Umma ke wa zai karɓe taki.

Ticha Mai Alli:
Auta ban ce ke fanko ba ce, wanda ya yi min wannan kaca-kacar ai ba fanko ba ne. Kuma tunda ana tone-tone bari in tona kaina, Feed ɗin nan ba wani kauri gare shi ba amma sati uku na yi ina jan sa, ina shafi biyu ina duba WhatsApp, ni da na taɓa cinye littafi a dare ɗaya da fitilar ƙwai. Na yarda ba yara kaɗai ba ne. Amma ban janye ba, in har ta iya yi min haka ni da na girma kafin ta zo, ina ga wanda ya buɗe ido ya gan ta.

Bari in gwada wani abu gobe in dawo muku.

Ticha Mai Alli:
To jama'a na dawo, kwana uku ke nan. Yaron nan mai da sauransu na kira shi na ce tunda rubutu ya gagara, ya ari wayar yayansa ya yi min bayanin ranar kasuwa da baki ya turo. Jiya da daddare saƙon murya ya shigo, minti tara da wani abu. Ashe babansa dillalin awaki ne kuma tun yana firamare yake bin sa. Yaron nan ya faɗa min yadda ake buɗe bakin akuya a ƙirga haƙora a san shekarunta, yadda ake gane wacce aka ɗura wa ruwa da gishiri don cikinta ya tashi, yadda dillalai suke ciniki da yatsu a ƙarƙashin hannun riga mai saye na tsaye bai san me ake ciki ba, har da kwaikwayon muryar wani Bafulatani da suka yi rigima kan la'ada, ni kaɗai a ɗaki ina ta dariya matata na tambaya lafiya. Yau da safe na ce masa to maza zauna ka rubuta min abin da ka faɗa jiya, kar ka ƙara kar ka rage. Ya zauna minti arba'in yana juya biro. Layi shida ya kawo.

Auta 'Yar Jami'a:
To Malam wannan ne fankon?

Injiniya Ba Wuta:
Layi shida fa Auta. WAEC ba ta karɓar saƙon murya.

Baba Mai Ritaya:
An samu ƙarin layi biyu dai. Malam ya sa da sauransu a ƙarshe ko bai sa ba?

Ticha Mai Alli:
Bai sa ba Baba, a tsakiyar haƙoran akuya aka kaɗa ƙararrawa.

Ɗan Farm Centre:
Malam don Allah tambayar min shi zancen ruwa da gishirin nan da kyau, wacce na saya da Sallah kwana biyu a gida ta koma rabi.